Kunnen da Ya Gyara

A layin da shagonsa yake, ba wanda ke kiransa da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Ɗan-Murmushi kowa ya sani, domin tun yana saurayi ba ya danna kyamara sai ya karkata kai ya ce, "To, ɗan murmushi kaɗan." Ya faɗa wa amare, ya faɗa wa 'yan makaranta, ya faɗa wa masu hoton fasfo waɗanda aka hana su murmushin ma. An ce har wani alƙali mai ɗaurarriyar fuska ya taɓa faɗa wa, alƙalin kuwa bai san lokacin da haƙoransa suka bayyana ba.

Shagon ɗaki biyu ne. A na gaba akwai labulaye masu zane da ake saukewa a bayan mutum: lambun furanni, matakalar bene mai jan kafet, da wani teku mai shuɗin da ba a taɓa ganin irinsa a ruwa ba. Akwai kujera mai juyawa, da madubi, da mataji ɗaure da zare don kada ya bi wani gida, da wata baƙar kwat da ta shiga jikin kusan duk mazan unguwar, ƙato da siriri. Amma aikin gaske a ɗakin ciki ake yin sa, inda ba ya barin kowa ya leƙa.

Shi Ɗan-Murmushi bai ɗauki danna kyamara a bakin komai ba. Gyara ce sana'arsa. Zamanin fim, da fensir mai tsini da siririn buroshi yake bin fuskar mutum. Da kwamfuta ta zo, tsararrakinsa suka yi ta gunaguni suna rufe shaguna, shi kuwa ya zauna ya koye ta da girmansa har ya fi yara iyawa. Ƙuraje, tabon ƙuna, furfura, idon da ya ƙifta a lokacin da bai kamata ba, duk ya san maganinsu. In an yi hoton dangi babban wa yana tafiya, sai a kawo tsohon hotonsa, Ɗan-Murmushi ya tsayar da shi a layin baya har da hannunsa a kafaɗar ƙaninsa. Wata mata ta taɓa kawo hoton aurenta bayan auren ya mutu, ta ce tana son kwalliyarta amma ba ta son ganin mutumin. Da ta dawo karɓa sai ta tarar da kanta tsaye kusa da tukunyar fure, ta yi dariya har da hawaye.

In aka tsokane shi da cewa ƙarya yake sayarwa, ba ya fushi. "Madubi ba shi da kunya," in ji shi, "duk abin da ya gani sai ya faɗa. Ni kuwa ina da ita. Mutum ya yi wanka ya zo gabana, in tona masa asiri?" Ni dai ban taɓa ganin laifinsa a nan ba, don ban san wanda ke son jikokinsa su gaji ƙurajensa a bango ba. Doka ɗaya gare shi, kuma bai taɓa karya ta ba: ɗanyen hoto, wato wanda bai bi ta hannunsa ba, ba ya fita daga ɗakin ciki. Ko mai hoton ya yi magiya, sai ya ce a dawo gobe.

Kansa ma bai bari ɗanye ba. Sanƙo ya cinye masa kai tun da wuri, don haka hula ba ta sauka sai ya rufe ƙofar ɗakin barci. Gemunsa baƙi wuluk, kowa ya san ba haka Allah ya bar shi ba, amma ba mai tankawa. Haƙoransa na gaba na roba ne, farare tas. Matarsa kaɗai ta san yadda yake da safe kafin ya haɗa kansa, ita kuwa a gabansa take tsokanarta, ba ta kai wa waje.

Mutum ɗaya ce a duniya ba ta yarda da hotonsa ba, ita ce Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ya fi so kuma ya kasa ɓoyewa. Abin ya samo asali tun tana firamare. Yarinya ce mai son giwa tun ba ta taɓa ganin ta ba, duk bayan littattafanta zanen giwa ne. Wata rana ya yanko giwa daga tsohuwar kalanda, ya yanko Auta daga wani hoto da ta zauna a kujera mai juyawa, ya ɗora ta a wuyan giwar, ya sake ɗauka, ya bi bakin yankan da fensir har ya ɓace. Da ta tambaye shi yaushe aka yi haka, sai ya ce, "Kina ƙarama, shi ya sa ba ki tuna ba." Wasa yake yi. Ita kuwa ta kai hoton makaranta, ta rantse, ta yi dambe da wata a kai, har malaminsu ya karɓa ya duba, ya nuna wa aji cewa inuwar giwa tana dama, ta yarinya tana hagu.

Ta dawo da yagaggiyar riga, ta tsaya a ƙofar shago ta ce, "Baba, na hau ko ban hau ba?"

Dariya ya yi. Shi abin da ya dame shi a ranar inuwar ce, yadda aka yi ta kuɓuce masa. Tun daga nan Auta ba ta ƙara zama a gaban kyamararsa ba. Hoton fasfonta ma a wata unguwa take yi, wajen wani yaro da ko haske bai iya saitawa ba.

Ba wai sun ɓata ba ne. Tana gaishe shi, tana kiransa a waya, tana yi masa faɗa in ya ƙi shan magani. Sai dai duk ranar da ya nuna mata aikinsa, takan duba ta ce, "Ya yi kyau, Baba," da irin muryar da ake yaba wa yaro zanensa. Wannan "ya yi kyau" ta fi masa zagi ciwo. Ya sha yabo a bakin manya da ƙanana, amma abu ɗaya yake so kafin idonsa ya gaza: Auta ta dubi hotonsa sau ɗaya ta gaskata abin da ke ciki.

Son giwar bai bar ta ba. Ta yi karatun dabbobi, ta samu aiki a wani gandun daji mai nisan tafiyar wuni, kuma babban aikinta shi ne sanin giwayen wurin ɗaya bayan ɗaya. Wani hutu ta taɓa buɗe masa kwamfutarta tana bayani, cewa da kunne ake gane giwa, kowace da yagewarta da hujinta, ƙaya da reshe da faɗa sun bar wa kowace shaidar da ba ta yi kama da ta wata ba. Ya yi ta gyaɗa kai yana "ikon Allah". Amma kunnensa ne kawai ke wajenta. Idonsa na kan hotunan, yana mamakin yadda mai ilimi kamarta za ta bar rana a bayan abin da take ɗauka.

Matarsa ce ta tura shi. "Ka je ka ga inda 'yarka take aiki," ta ce. "Shagon ba zai gudu ba. Masu zuwan ma wayoyinsu sun riƙe su." Gaskiya ta faɗa, don a 'yan shekarun nan wuni yake yana gyaran hotunan matattu da jikoki ke kawowa. Ya goge babbar kyamararsa, ya sake wa gemu baƙi, ya tafi.

Washegarin zuwansa da sassafe Auta ta ɗauke shi a motar aiki, ita ke tuƙi, wani mai gadin daji yana baya da bindiga. Hanyar ba ta da mutunci. Kowane rami sai haƙoran robar sun dake shi a dasashi, ya yi ta daurewa yana murmushi. Sun ga barewa, sun ga birai, sun ga wani tsuntsu da Auta ta tsaya tana yi masa bayaninsa kamar ɗan uwanta, amma ba giwa. Rana ta ɗaga sosai suka iso wani dogon fili baƙi ƙirin, wanda ma'aikata suka ƙone da gangan don in gobara ta taso ta rasa abin ci a nan. Auta ta tsayar da mota a ƙarƙashin wata bishiya, ta ce za su gangara rafi da mai gadi su duba wata kyamara da suka ɗaure a can.

"Baba, kar ka fito. Ko me ka gani, kar ka fito, kar ka yi magana."

"Ni yaro ne?"

"Ai yaro ya fi ka jin magana," ta ce, ta rufe ƙofar a hankali.

Da sawunsu ya ɓace, sai ya waiga dama da hagu, ya ga daga shi sai ƙudaje. Ya zare haƙoran ya naɗe a hankici, ya sauke hula ya ɗora a cinya. Iska ta taɓa masa tsakar kai. Rabonsa da jin haka a waje har ya manta, ya lumshe ido yana jin daɗin da bai san yana kewarsa ba.

Bai ji zuwanta ba. Wannan shi ne abin da ya fi ba shi mamaki har yau, cewa abu mai girman ɗaki zai iya tafiya ba ƙara. Ya buɗe ido ne kawai ya ga hasken gabansa ya ragu, ga tsohuwar giwa ita kaɗai tsaye a bakin ƙonannen filin, kusa ƙwarai, har yana jin ƙugin cikinta. Ya zame ƙasa a kujera, duk addu'ar da ya sani ta watse, sai bakinsa ke motsi. Amma hannun mai sana'a ba ya jiran izini. Ya ɗora kyamara a bakin taga, ya leƙa ɗan gilashin bayanta, don ba shi da ƙarfin halin ɗaga kai.

Giwar ba ta kula shi ba. Ta sa ƙafa ta tona tokar, ta shinshina, ta sa hanci ta kwaso wani abu, gawayi ne ko me, ta kai baki. Ta tsaya shiru kamar mai tunani. Sai ta buɗe baki ta huro, wani farin gajimaren toka ya fito ya turnuƙe fuskarta, ya tashi sama a hankali cikin hasken rana. Wanda bai sani ba zai rantse hayaƙi ne. Ta sake kwasowa, ta sake hurowa, ba gaggawa. Ɗan-Murmushi ya sha taba shekaru kafin likita da matarsa su haɗu su raba shi da ita, don haka ya gane wannan natsuwar, ta wanda ya samu wuri shi kaɗai ba mai damunsa. Ya yi ta dannawa, kuma a karo na farko a rayuwarsa bai ce wa kowa ya yi murmushi ba. Can giwar ta juyo da ƙaramin idonta ta dube shi, ta kaɗa kunne, ta shige cikin bishiyoyi. Sai a lokacin ya ji fuskarsa jiƙe, bai kuma san dalilin kukan ba.

Kafin su Auta su dawo ya mayar da komai wurinsa. Tun daga nesa ta hango sawun a toka, ta ƙaraso da sauri.

"Giwa ta zo nan! Baba, ka gan ta?"

"Na gan ta."

"Ka ɗauka? Mu gani."

Ya rungume kyamarar a ƙirji. "Sai ya bi ta hannuna."

Ta dube shi, ta tayar da mota. Maganar tokar kuwa ya haɗiye ta, don ya riga ya gama tsara yadda zai yi: babban hoto, cikin firam, ya yaye mayafi a gabanta ta gani da idonta.

Da ya koma gida ya kulle kansa a ɗakin ciki. Yawancin abin da ya ɗauko rawar hannu ta ɓata, amma guda ɗaya ya fita, daidai lokacin da tokar ta bar bakinta. Sai dai kafin ma ya dubi giwar, idonsa ya faɗa kan kusurwar ƙasa. Madubin gefen motar ya shigo cikin hoton, kuma a cikin madubin ga wani tsoho: kai fes ba gashi, baki buɗe ba haƙora, ido jajur da hawaye, gemu ya jiƙe da gumi har farin tushen gashin ya fito. Ya daɗe yana kallon mutumin nan kafin ya yarda shi ne. Kunya ta kama shi shi kaɗai a ɗaki. Nan take ya yanke kusurwar.

Daga nan aiki ya yi daɗi. Ya miƙar da hoton da ya karkace, ya cire wani reshe da ya gitta ƙafarta, ya buɗe hasken. Tokar bai taɓa ta ba ko kaɗan, don ya san ba abin da zai ƙara mata. Sai ya zo kan kunnen hagu. Kunnen a yage yake daga ƙasa, doguwar yagewa, ga kuma wani zagayayyen huji a tsakiya har ana hango sama ta ciki. Tausayinta ya kama shi. "Baiwar Allah," ya ce wa kwamfutar, "tsohuwa mai daraja kamarki a bar ki haka a idon jama'a?" Ya aro fata daga gefe ya toshe hujin, ya haɗe yagewar, ya bi kowace jijiya har ta haɗu da 'yar uwarta. Kwana da kwanaki ya yi a kunnen nan, kuma a duk rayuwarsa bai taɓa yin gyaran da ya kai shi kyau ba.

Matarsa ta fara gani. Ta riƙe haɓa ta ce, "Au, ita ma taba take sha? Ka ba ta lambar likitanka mana." Maƙwabtan shago suka taru, tela ya ce wannan haɗin ya fi na tukunyar fure, mai gyaran waya ya ce saura a sa mata ashana a hanci. Ɗan-Murmushi ya ce musu wallahi haka ya gani, suka ƙara fashewa da dariya. Bai damu ba. Ba don su ya yi ba.

Auta ta zo hutu bayan wata guda. Da la'asar, bayan an ci abinci, ya jingina hoton a kan kujerar falo ya yaye mayafin. Ta miƙe tsaye. Ta matso har numfashinta na taɓa gilashin, ta ce, "Baba..." da wata murya da rabonsa da jin ta tun tana ƙarama. Zuciyarsa ta yi fari. Sai ya ga idonta ya bar tokar ya koma kan kunne, ya tsaya a nan. A hankali fuskar ta rufe.

"Ya yi kyau, Baba."

"Da idona na gani, Auta. Ranar nan da kuka bar ni a mota."

"Baba, na san giwayen dajin nan kamar yadda ka san mutanen layinku. Babu tsohuwar da za ta kai waɗannan shekarun da lafiyayyen kunne haka. Wannan ba tamu ba ce. Ba na ma jin akwai ta." Ta yi ƙasa da murya. "Na taɓa jin labarin giwa mai hura toka, na daɗe ina fatan in gani. Shi ya sa ya yi min zafi. Na girma, Baba. Ba sai ka sake ɗora ni a kan giwar kalanda ba."

Sai a lokacin bayanin kunne da ta taɓa yi masa ya dawo masa, kalma bayan kalma. "Kunnen ni na gyara," ya ce da sauri. "A yage yake, na ga bai dace ba. Amma sauran duk gaskiya ne."

"To bayan kunnen, me kuma ka gyara?"

Ba da rashin kunya ta faɗa ba, tambaya ce kawai. Ta kwashe kwanuka ta yi kicin. Ya zauna shi da giwarsa mai lafiyayyen kunne har aka kira magariba.

Ranar da Auta za ta koma, da safe, yana zaune a bakin gado bai haɗa kansa ba tukuna, matarsa ta miƙo masa kofin da haƙoran ke kwana a ciki.

"Ka nuna mata na farkon mana. Ko ka goge?"

"Yana cikin kyamara."

"To?"

"Ina ciki," ya ce. Ya faɗa mata maganar madubin, ba hula, ba haƙora, baki hangame.

Ta yi dariya har ta zauna. "Ni da nake karyawa da wannan fuskar kowace safiya, mutuwa na yi?"

"Ke daban."

"Ita kuma baƙuwa ce? Kai ka haife ta fa, Baban Auta."

Ya ce zai yanke kusurwar kawai ya bar sauran. Matar ta ɗaga kafaɗa ta ce ya yi yadda ya ga dama. Amma tun kafin ya gama sa hula ya san hakan ba zai yi ba. Duk abin da ya bi ta hannunsa, ko da gefe ya yanke, tambayar nan tana nan tana jiransa. Ko ya ba Auta duka, ko ya bar ta ta tafi da "ya yi kyau" har ƙarshen ransa.

Ya ce wa Auta ta biyo ta shago kafin ta wuce tasha. Ta zo da jakarta a kafaɗa, ta tsaya a ɗakin gaba kamar mai jiran fasfo. Ya buɗe ƙofar ɗakin ciki ya ce ta shigo. Ta yi ɗan jim, don ko yayyenta ba su taɓa shiga ba. Ɗakin ƙarami ne, kwamfuta, injin wanke hoto, gwangwanin tsofaffin fensira da ya kasa zubarwa. Ya kunna kyamara, ya nemo hoton, ya miƙa mata ita gaba ɗaya. Sannan ya juya baya ya shiga jera fensiran da ba su buƙatar jeri.

Sai ya ji ta ja numfashi.

"Mai Taga ce!" ta ce. "Baba, Mai Taga ce! Ga hujin nan, ga yagewar, wallahi ita ce. Haka muke kiranta saboda hujin. Tsohuwar nan tun bara ta rage bin garke, ashe abin da take zuwa yi ke nan!" Ta yi ta magana da sauri kamar ba da shi take ba, tana matso da hoton, tana duba tokar, tana duba reshen da ya gitta, tana dariya. "Ka gan ta. Da gaske ka gan ta. Ni da na shekara ina bin ta ban gani ba, kai ka zo wuni ɗaya."

Bai juyo ba, don bai yarda da fuskarsa ba. Abin da ya jira shekaru ke nan, ga shi ya zo, kuma ya fi yadda ya zata daɗi.

Sai dariyar ta tsaya. Ya san inda idonta ya kai. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Wannan wajen a yanke shi kafin mutanen ofis su gani," ya ce wa gwangwanin fensir.

Can ta ce, a hankali, "Kuka kake yi a nan, Baba?"

"Toka ce ta shigar min ido."

"Tokar da ke can nesa."

"Iska ce ta kawo."

Ya ji ta ja hanci. Da ya juyo sai ya ga ba giwar take kallo ba, ta matso da kusurwar har tsohon ya cika gilashin, ta ɗora ɗan yatsa a kan sanƙon.

"Ka wanke min biyu," ta ce. "Ɗaya na ofis, ka cire kanka in kana so, amma ka bar mata kunnenta. Ɗayan nawa ne, kar ka taɓa komai."

"Me za ki yi da shi? Hotunana cike da gida."

"Waɗancan na Ɗan-Murmushi ne, kowa na da irinsu. Wannan ban taɓa ganin sa ba, kuma shi ne babana."

Ya zare katin kyamarar ya sa a kwamfuta. Hannunsa ya tafi da kansa zai miƙar da karkacewar, Auta ta ce, "Baba." Ya janye hannun. Injin ya yi ƙara ya fara turo takarda, sama ta fito a karkace, sai tokar, sai yagaggen kunnen, sai reshen, daga ƙarshe tsohon ya fito a kusurwarsa.

Ya jawo ambulan zai sa mata, ta ce ya bari, bai gama bushewa ba. Haka ta riƙo shi a buɗe ta gefe-gefe, ta ratsa ɗakin gaba ta fita layi. Tela ya leƙo yana tambayar me aka samu, ta ce masa hoton gida ne, ta juyar da fuskar hoton wajen ƙirjinta. Ɗan-Murmushi ya raka ta har bakin titi, hannunsa ɗaya a kan hula, yana ce mata ta kula kar yatsanta ya taɓa tsakiya.